Yadi Talatin

"Baiwar Allah, ki daina yi mata magana," in ji Sista, ba ta ko ɗauke ido daga agogon hannunta ba. "Ba a zuga mai tafiya. In kika zuga ta, awon ya lalace."

Da ni take. Na ja bakina na tsuke, na koma jikin bango ina cika ina batsewa. Shekara talatin da ɗaya muna maƙwabtaka da Uwar Kicin, katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma yau wata yarinya da ba ta kai sa'ar 'yata ta fari ba ta hana ni in ce mata sannu.

Doguwar baranda ce a bayan sashen masu ciwon ƙirji. An ajiye robobi biyu masu launin ruwan lemo, irin waɗanda ake jerawa a titi, ɗaya nan ɗaya can, tsakaninsu mita talatin. Aikin kawai shi ne mutum ya yi ta zuwa yana dawowa har minti shida su cika, a ƙirga abin da ya ci. In ya gaji ya tsaya ya jingina, amma agogo ba ya jiran kowa. Uwar Kicin ta tsaya sau uku. A na ukun ta dafa bango da hannu biyu, kafaɗunta na hawa suna sauka, numfashinta na fita da wani siririn fito da nake jiyowa daga inda nake. Ɗanta, wanda duk layinmu ke kira Auta har yau da furfura ta fara leƙo masa a gemu, ya yunƙura zai je wurinta. Sista ta ɗaga masa hannu, ya koma ya zauna.

"Tsaya nan inda kike, Mama. Lokaci ya cika."

Aka tura mata kujera, aka maƙala mata wata 'yar na'ura a yatsa. Sista ta rubuta a takarda. "Sawu bakwai cif. Mita ɗari biyu da goma."

Sai da Uwar Kicin ta haɗiyi iska sau huɗu kafin magana ta fito. "To na ci ko na faɗi?"

"Ba jarrabawa ba ce, Mama."

"Duk abin da aka riƙe wa agogo jarrabawa ne, 'yar nan. A makaranta na tsufa."

Gaskiya ta faɗa. Shekara talatin da huɗu ta yi tana dafa wa 'yan makarantar kwana abinci, a wani kicin mai taga ɗaya, kan murhun itace, da tukwanen da mutum zai iya shiga ciki ya zauna. Ɗaliban ne suka sa mata sunan, ya bi ta har ya danne na yanka. Ranar da likita ya tambaye ta ko ta taɓa shan taba, cewa ta yi a'a, ita itace ta sha.

Sista ta yi mana bayani. Huhun ba zai koma yadda yake ba, wannan kam a cire rai. Amma ana iya koya wa ƙafa da ƙirji su yi aiki da ɗan abin da ya rage. Za ta riƙa tafiya kullum, tana fitar da numfashi ta ɗan tsukakken baki kamar mai hura shayi, bayan mako takwas a dawo a sake gwadawa.

"Ta yaya za mu san abin yana yi?" in ji Auta.

"An gwada mutane da yawa masu irin ciwonta, aka tambaye su ko sun ji canji a jikinsu. Waɗanda suka ce sun ji, yawanci sun ƙara wajen mita talatin. Ƙasa da haka yana iya zama sa'ar ranar ce kawai, ko an yi barci mai daɗi."

"Wato sawu ɗaya," in ji shi.

"Sawu ɗaya."

Na ga yadda ya riƙe maganar nan, na san za ta yi mana aiki a ka. Auta ba don gwaji ya zo ba, ɗaukar uwarsa ya zo yi. Wata guda kafin nan na leƙa ta katanga na hango ta yashe a gindin famfo, bokiti ya kife, leɓɓanta sun yi baƙi. Ni na kira shi a waya, ina kuka ina zaginsa. Ya yi tafiyar awa biyar bai tsaya ko shan ruwa ba. Tun daga ranar maganarsa ɗaya ce: ta tattara ta koma wurinsa. Shi kuwa a hawa na uku yake zaune, matakala arba'in da biyu, ita ta ƙirga su da kanta lokacin da take da ƙafa. Wadda ke tsayawa sau uku a kan shimfiɗaɗɗiyar baranda, in aka hau da ita can, saukowarta sai dai a ɗauke.

A kan bencin bakin asibiti suka yi ta.

"Umma, ba zan iya barci ba kina can ke kaɗai."

"Ni kaɗai? Wannan mai bakin fa?" Ta nuna ni da haɓa. "Ko atishawa na yi sai ta leƙo ta ji dalili."

"Inna Tela ba likita ba ce."

"Kai ma ba shi ba ne. Ɗakina ne, Auta. Ubanka ya gina shi, a ciki na haife ka, a ƙofarsa yarana ke samuna." Yaranta su ne ɗalibanta na dā, waɗanda ta ciyar a makaranta, manyan mata yanzu, masu jikoki wasunsu, da ba a yin mako guda wata ba ta tsaya da mota ta durƙusa ta gaishe ta ba.

Ya murza makullin mota a hannunsa. Can ya ce, "To shi ke nan. In kika ƙara sawun nan ɗaya, na bar ki. In ba ki ƙara ba, ba musu, ba kuka."

"Na yarda. Tela, ke ce shaida."

Na ce na shaida. Har da buga ƙirji na yi.

Washegari da safe na fito da sandar awona. Ni tela ce, shekara arba'in ina yanka, kuma ina da alfahari da idona. Mace ta shigo shagona, kafin ta zauna na san yadi nawa za ta ci. Sandar nan ta katako yadi ɗaya ce cif, gefenta ya yi sulɓi saboda hannu. Na fara daga dokin ƙofar Uwar Kicin, na bi jikin katanga ina kwantar da ita ina ɗagawa, na wuce ƙofata, na wuce tagar mai gyaran rediyo, har sau talatin. Inda na ƙare na ajiye bulo.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na san mita ta ɗara yadi. Wace tela ce ba ta sani ba? Amma yatsu huɗu ne kacal, abin da a wurin ɗinki ake cinye shi a kalmasa, ba wanda ya taɓa dawo mini da kaya a kansa. Mai gyaran rediyo ma ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya, da kin bari na aro miki tef irin na magina." Na ce masa ya ji da wayoyinsa, awo ba a koya mini shi ba.

Uwar Kicin ce ta lura da abin da ya faranta mana rai. Ta tsaya a ƙofarta tana lissafi da yatsu. "Zuwa ɗaya, dawowa biyu. Bakwai a wurin bulo yake ƙarewa. Takwas kuwa..." Ta bugi ƙyauren ƙofarta da tafin hannu. "Nan. In minti shida suka cika ina ƙofar gidana, na zauna a gidana."

Haka muka fara. Kullum da hantsi, kafin rana ta yi zafi, sai in fito da kujerar roba in ajiye a ƙofata, in saita minti shida a waya. Ita kuma ta fito da takalmin roba da ɗan gyalenta a kafaɗa, ta tsaya ƙafa a jere kamar mai shirin tsere. A nan babu Sista, don haka na zuga ta son raina.

"Ɗaga ƙafa mana, Yaya! Kunkuru ma ya yi miki fintinkau."

"Rufe... mini baki. Ke da ko... kasuwa sai an kai ki."

"Hura shayinki, ki bar surutu."

Duk inda ƙarar waya ta same ta, nan take tsayawa, in ja layi a jikin katanga da shuɗin allin ɗinkina. Ranar farko ta yi bakwai har da ɗori. Muka ce ai iskar gida ta fi ta asibiti. Akwai ranakun da tari ya hana ta fita, akwai ranar da ta koma baya ta zauna a kujerata ta ƙi yi mini magana har azahar. Amma layukan alli suna matsawa, yau taki ɗaya, jibi rabin taki, suna tahowa daga wajen bulo suna nufar ƙofarta. Mutanen layi suka saba. Mai kayan miya yakan janye baronsa gefe in ya ga ta fito. Mai gyaran rediyo yakan rage sauti.

Kuma ta ji sauƙi, wannan ba a takarda na gani ba. A mako na huɗu na leƙa na tarar tana shanya wankinta da kanta, abin da ta yi wata biyar ba ta yi ba. Ta daina ajiye kujera a tsakanin ɗaki da banɗaki. Wata rana har ta shigo shagona ba sallama, ta zauna ta kushe mini hannun riga.

Ranar Talatar mako na shida ta taɓa ƙyauren ƙofarta, sannan waya ta yi ƙara. Na saki guɗa har kajin maƙwabta suka watse. Ita kuwa ta jingina goshinta da ƙyauren, tana haki tana dariya, hawaye na bin kumatunta. Ta sake yi ranar Laraba, ta sake ranar Alhamis.

A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi ci mini rai. Na ce mata, "To ya isa haka. Tunda kin kai, kada ki ƙure kanki. Ki riƙa yi kwana bibbiyu, ki tara ƙarfi saboda ranar." Ta ce anya? Na ce ni fa na san abin da nake faɗa. Ta bi maganata. Mako biyu muka yi muna lallaɓawa, muna shan shayi a ƙofata, tana ba ni labarin yadda za ta sa a sake wa ɗakinta fenti.

Ranar komawa Auta ya iso tun da safe. Uwar Kicin ta sa sabuwar rigar da na ɗinka mata. A mota sai tsokanarsa take yi, wai ya shirya kuɗin mai na komawa shi kaɗai.

Muna shiga barandar nan na kalli robobin biyu. Ranar farko hankalina na kanta, ban kalli tazarar ba. Yau kuwa, bayan mako takwas ina kallon ƙofa da bulo, idon nan nawa da nake taƙama da shi ya gaya mini gaskiya tun kafin a danna agogo. Robar can ta yi nisa. Ta fi bulona nisa da taki uku ko huɗu. Na tsaya ina lissafi a zuci, yatsu huɗu sau talatin, sannan sau takwas. Ba wanda ya buƙaci ya hana ni magana ranar.

Ta yi tafiya mai kyau, wallahi ta yi. Sau ɗaya kawai ta tsaya. Na ga lokacin da ita ma ta fara jin wani abu ba daidai ba: a sawu na biyar ta ɗago kai ta dubi robar, ta ɗan yamutsa fuska, kamar wadda ta sa ƙafa a matakala ta tarar babu. Ta juya a na bakwai, ta kamo na takwas, ta kusa rabi.

"Tsaya nan, Mama."

Sista ta ja tef daga roba zuwa ƙafarta. "Ɗari biyu da ashirin da huɗu. Kin ƙara goma sha huɗu."

"A gida ina yin takwas," in ji Uwar Kicin. Ba ta kalle ni ba. "Kullum ina yin takwas."

Sista ta ja kujera ta zauna kusa da ita, abin da ba ta yi ba wancan karon. "Mama, bar lambar tukuna. Me kike yi yanzu wanda dā ba kya iyawa?"

"Ina shanya. Ina wanka babu mai tsaye a kaina. Ina zuwa shagon wannan."

Sista ta juya wurin Auta. "Yallaɓai, wannan ma awo ne. Talatin ɗin nan daga jama'a da yawa aka samo shi, ba a jikin mutum ɗaya aka yanka shi ba. Wani da ashirin yake jin canji."

"Amma ba ta kai ba," in ji shi.

"Ba ta kai ba."

"In ta sake faɗuwa babu kowa fa? Za ki iya ce mini ba za ta faɗi ba?"

Sista ta dubi takardarta. "Ba zan iya ba."

Ban ga laifinsa ba, ko da yake na so in gani. Idanunsa sun yi ja, kuma ba shi ya ajiye bulo ba.

Da la'asar na shiga wurinta da sandar a hannuna. Tana zaune bakin gado, ba ta cire sabuwar rigar ba. Na durƙusa a gabanta, ni da gwiwata ba ta son durƙuso, na faɗa mata komai, har da tef ɗin da mai rediyo ya so ya aro. Na ce ta karɓi sandar ta rotsa mini kai.

Ta daɗe tana kallona. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, dariyar da ta rikiɗe ta zama tari har sai da na ɗebo mata ruwa.

"Yatsu huɗu," in ji ta da ta samu kanta. "Shekara talatin kina rage mini hannun riga, ban taɓa magana ba. Yau kin rage mini titi."

"Yaya, ki yafe mini."

"Tashi, kina ɓata mini tabarma da hawaye." Muryarta ta sauka. "Hutun nan da kika sa ni, shi ya fi yi mini ciwo, Tela. Da na san da saura, da ban zauna shan shayi ba."

Na ɗauki sandata na fita.

Na samu Auta a waje na gaya masa laifina ne, ya ƙara mata lokaci. Ya ce dama sai ya koma ya shirya mata ɗaki, zai dawo ranar Asabar ta sama, kwana goma sha biyu ke nan. Uwar Kicin ta jiyo mu daga ciki ta ɗaga murya iya ƙarfinta. "Ranar da ka zo, kai za ka riƙe agogon. A nan, a layina. In na taɓa ƙofa fa?"

Ya rufe ido. "In kin taɓa, Umma, na bar ki."

Mai gyaran rediyo ya aro tef ɗin, bai ce mini komai ba, wanda ya fi zagi zafi. Muka ja daga dokin ƙofa. Bulo ya matsa gaba da kusan mita uku, ya bar ɗan fari a ƙasa inda ya yi mako takwas. Na goge tsofaffin layukan da jiƙaƙƙen tsumma, muka fara sababbi. Kwana goma sha biyun nan ba ta huta ko ɗaya ba. Safe da yamma take yi. Na daina tsokanarta, ita ce ma ta ce in ci gaba, shirun nawa yana sa ta jin kamar an zo gaisuwar mutuwa. Layukan suka taho, a hankali, amma kwanakin sun fi su sauri.

Asabar ta zo. Auta ya ajiye mota a bakin layi. Akwatunanta biyu suna tsakar gida a ɗaure, ita ta sa na ɗaure su tun jiya, ta ce ba ta son a ce ta yi wayo. Mutanen layi suka fito suka tsaya a ƙofofinsu. Na miƙa wa Auta wayar.

Ta tashi da kyau. Sawu huɗu ba ta tsaya ba. A na biyar ta dafa tagar mai rediyo, ta hura, ta hura, ta saki. A na shida fiton ƙirjinta ya cika layin. Ta kai bulo a na bakwai, ta zagaye shi da ƙananan taku, ta juyo ta fuskanci ƙofarta. Na ga idonta a kan ƙyauren nan. Ta wuce farin tabon tsohon wurin bulo. Ta wuce taga. Gyalenta ya zame ya faɗi, ba ta waiwaya ba. Na ji bakina yana cewa taho, Yaya, taho, ban san ina faɗa ba.

Daidai ƙofata wayar ta yi ƙara.

Auta ya yi ta danna ta da babban yatsa kamar zai fasa gilashin, ta ƙi yin shiru sai a karo na uku. Uwar Kicin ta tsaya cak inda take, kamar yadda Sista ta koya mata. Na turo kujera ta zauna. Ta daɗe kanta a sunkuye. Da ta ɗago, ta miƙo mini hannu, ba don in riƙe ba. Allin take nufi. Na ja layin a jikin katanga, dab da dokin ƙofata.

"Umma," in ji Auta. "Umma, ai kin kusa. Tashi ki ƙarasa, ki shiga ki huta. Sai mu sake magana."

Ta girgiza kai.

"Don Allah, Umma."

"Za ka iya barci in ka bar ni?"

Bai iya yi mata ƙarya ba, haka ta tarbiyyantar da shi.

"To ka gani. Kawo motar nan." Ta dubi ƙofarta, tana nan a buɗe, labulen yana ɗan motsi. "In na shiga ɗakin can, ba mai fito da ni. Tela, ɗauko mini akwatunan. Ki rufe taga, ki kashe famfo da kyau, yana ɗiga."

Na yi duk abin da ta ce. Na kawo mata makullin, ta ce in riƙe. Da aka shigar da ita mota ta sauke gilashi ta kamo hannuna. Na ɗauka wata babbar magana za ta yi. Cewa ta yi, "Ki sayi tef, marowaciya."

Muna waya kullum da hantsi, lokacin tafiyarmu. Takan ce matar Auta tana kula da ita kamar ƙwai, ɗakin yana da kyau, ta taga tana ganin rufin gidaje da tankunan ruwa. Ba ta taɓa sauka ƙasa ba. Barandar gidan taki tara ce, ta ce juyawa ta fi tafiyar yawa, kanta har juyawa yake. Ɗalibanta biyu sun zo layinmu nemanta, na ba su lambar waya. A mako na uku maganarta ta fara guntulewa, kalma biyu sai hutu. A na huɗu ni nake surutun, ita tana saurare, ina jin fiton a kunnena.

Wata ranar Laraba na kira da hantsi, Auta ya ɗauka. Da na ji muryarsa ban bari ya faɗa ba, na zauna a kan keken ɗinkina na ce Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ya ce da safen nan ne, bayan ta karya. Ta ce ya saita mata minti shida, ya ce ta bari sai ta ɗan ji ƙarfi, ta ce to. Ya je kicin ya dawo ya tarar ta tafi, takalmin robar a ƙafarta.

Bayan kwana goma ya zo kwashe sauran kaya. Na yi tanadin maganganu masu zafi, na jera su tun a daren jiya. Da ya tsaya a ƙofata, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa, ya ce, "Inna, da na bar ta, ko da ta fi haka kwana?" sai duk maganganun nan suka gudu. Wa zan tuhuma, ni da na ci mata kusan mita uku a kowane sawu, na kuma zaunar da ita shan shayi? Na ce masa ban sani ba, ɗana. Na ce ya shigo ya sha ruwa.

Kafin ya tafi ya ga layin alli a jikin katanga. Ya tambaye ni nawa ya rage mata ranar. Na shiga na ɗauko sabon tef ɗina, irin na magina, na ba shi bakin ya riƙe a kan layin, na ja har dokin ƙofarta. Mita tara ne da ɗan kai. Ya daɗe yana kallon lambar, sannan ya saki, tef ɗin ya nannaɗe kansa ya dawo hannuna.

Gidan yana rufe har yanzu, ba a samu mai haya ba. Bulon yana can inda muka mayar da shi, mai kayan miya yana kauce masa da baro. Ruwan sama ya wanke sauran layukan, amma wannan na ƙarshen yana ƙarƙashin indararon shagona, ruwa ba ya kai masa sosai. In ya fara dushewa nakan bi kansa da alli. Da hantsi ina fito da kujerar roba in ajiye a gefensa, in zauna da ɗinkin hannu, daga nan ina hango kwaɗon da ke ƙofarta.